Daga Karkanda zuwa Muhammadu Dikko: tarihin babban filin wasa na Katsina da abin da sabunta shi yake bukata

Har yanzu idan mutum ya tare ɗan acaɓa ko mai a-daidaita-sahu a Ƙofar Ƙaura ya ce a kai shi Karkanda, ba za a tambaye shi ƙarin bayani ba, duk da cewa sunan da gwamnati ta sa wa wurin shi ne Filin Wasa na Muhammadu Dikko. Sunayen nan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a bakin Katsinawa, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da wani yanki na tarihin filin. Na farko yana tuna shekarun da aka yi ana jiran ginin ya kammala, na biyu kuma yana ɗaure shi da gidan sarautar da ta yi suna a wasanni tun kafin ƙwallon ƙafa ta mamaye zukatan matasa. Duk lokacin da maganar gyara filin ko zamanantar da shi ta taso, yawancin muhawarar takan tsaya ne a kan fenti da kujeru da adadin kuɗin kwangila, alhali kuwa tarihin wurin da kansa ya nuna cewa matsalar ta fi haka zurfi.

An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire ta daga tsohuwar Jihar Kaduna. Sabuwar jiha tana tashi ne da dogon jerin bukatu: sakatariya, gidan gwamnati, gidajen ma'aikata, hanyoyi, ruwan sha. Babban filin wasa ma yana cikin jerin, domin a wancan zamani Kaduna tana da filin Ahmadu Bello, Kano ma tana da nata, kuma babban birnin jihar da ba shi da wurin tara dubban jama'a ana yi masa kallon bai gama zama babban birni ba. A zamanin gwamnan soja John Madaki, a farkon shekarun 1990, aka fara aikin. Daga nan sai ya tsaya.

Tsayawar ba ta shekara ɗaya ko biyu ba ce. Alhaji Sa'idu Barda ya zo a 1992 ya tafi a 1993, kantomomin soja uku suka biyo bayansa, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi shekara takwas daga 1999 zuwa 2007, duk ba a ga ƙarshen aikin ba. Wanda ya san yadda tattalin arzikin Najeriya ya kasance a shekarun 1990 ba zai yi mamaki ba: darajar Naira tana faɗuwa, kuɗin siminti da rodi suna hawa, kuma kowace sabuwar gwamnati tana zuwa da ayyukan da take so a san ta da su. Ba na ganin adalci ne a zargi gwamnan da ya fifita makaranta ko asibiti a kan filin ƙwallo. Sai dai ginin da aka bari a tsaye ba ya jiran mai shi a yadda aka bar shi. Rodin da ya leƙo waje yana yin tsatsa, ruwan damina yana shiga tsagar kankare, kuma duk wanda ya zo daga baya dole ne ya biya kuɗin gyaran abin da ya lalace kafin ya biya kuɗin ci gaba da gini, a farashin da ya ninka na farko sau da yawa. Wannan shi ne harajin ɓoye da jama'a suke biya a kan kowane aikin da aka yi watsi da shi.

Gwamnatin Barista Ibrahim Shehu Shema ce ta farfaɗo da aikin ta kammala shi, aka buɗe filin a 2013, wato kimanin shekara 20 bayan aza harsashinsa. Ana ƙiyasta yana ɗaukar mutum 35,000. Don a gane girman wannan adadi, filin Godswill Akpabio na Uyo, wanda aka buɗe a 2014 kuma Super Eagles suka mayar da shi gida a shekarun nan, mutum 30,000 yake ɗauka, babban filin ƙasa na Abuja kuma kimanin 60,000. Ke nan ta fuskar yawan 'yan kallo Katsina tana sahun gaba a ƙasar nan. Wannan abin alfahari ne, amma kuma nauyi ne, kamar yadda zan nuna a gaba.

A 2016, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka sauya wa filin suna zuwa na Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma shi ne sarki na farko daga gidan Sulluɓawa. A ganina zaɓin ya dace fiye da yawancin sunayen da ake liƙa wa gine-ginen gwamnati. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, kuma daga gidansa wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ya kafu a birnin har ya zama abin da ake sanin Katsina da shi. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, ya kai matsayin da har yau ake ambatonsa cikin manyan 'yan folo da Najeriya ta taɓa yi. Abin lura a nan shi ne folo ya ɗore a Katsina ne saboda an sami gida da ya riƙe shi tsara bayan tsara, ana kiwon dawaki, ana kula da fili, ana horar da yara. Filin da ya ɗauki sunan wannan sarki yana bukatar irin wannan riƙo.

Mai gidan filin ita ce Katsina United, wadda a da ake kira Spotlights. Ta shiga babbar gasar Najeriya a kakar 2017, ta faɗa rukuni na biyu a 2022 tare da Kano Pillars, sannan dukansu biyu suka dawo a 2023. Filin ya kuma yi wa baƙi rana: a shekarun da rikicin Boko Haram ya hana buga wasa a Maiduguri, El-Kanemi Warriors ta taɓa mayar da Karkanda gidanta.

To, mene ne sabuntawa? Abu na farko, kuma wanda aka fi raina shi, shi ne ƙasar da ake taka ƙwallo a kanta. Ma'aunin da aka saba da shi a manyan filaye shi ne mita 105 a tsawo da mita 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Duk filin da yake a yankinmu yana fuskantar zaɓi tsakanin ciyawa ta asali da ciyawar roba, kuma kowace tana da farashin da ba a faɗa ranar bikin buɗewa. Ciyawa ta asali ita 'yan wasa suka fi so, domin ta fi sauƙi ga gwiwa da idon sawu, kuma ba ta ɗaukar zafi. Amma Katsina tana samun ruwan sama ne na kusan wata huɗu kawai, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa sai ban-ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: kowace milimita ɗaya ta ruwa a kan fili mai wannan girma lita 7,140 ce. Idan a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ciyawar ta bukaci milimita bakwai a yini, ana maganar kusan lita 50,000 kullum. A birnin da unguwanni da dama suke dogaro da 'yan ga-ruwa, kuma madatsar Ajiwa ba ta wadatar da kowa ba, ba za a ɗebo wannan ruwa daga famfon jama'a ba. Dole filin ya mallaki rijiyoyin burtsatse nasa, da tankunan ajiya, da injinan turo ruwa, da wutar da za ta tayar da su ba tare da yankewa ba. Mako biyu na lalacewar famfo a watan Afrilu ya isa ya mayar da koren fili ya koma kamar fako.

Irin ciyawar ma abin dubawa ne. Wadda ake shukawa a filayen ƙasashe masu zafi dangin ƙiri-ƙiri ce, wadda kowane manomi a nan ya san taurin kanta da yadda take jure fari da tattakawa. Amma shuka ta a filin wasa ya bambanta da yadda take fitowa a gefen gona. Ana shimfiɗa tsakuwa da bututun magudana a ƙasa, a ɗora yashi mai kauri, sannan a dasa ciyawar, don idan aka tafka ruwan Agusta ya tsiyaye nan take maimakon ya kwanta ya zama taɓo. Bayan haka akwai aski a kai a kai da injin da ya dace, da taki, da huda ƙasa don iska ta shiga, da cike gurbin da ya ƙwaƙule a bakin raga inda mai tsaron gida yake tsayawa.

Ciyawar roba kuwa ta yaɗu a filayen Najeriya musamman tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a nan a 2009, kuma dalilin karɓuwarta a fili yake: ba ta bukatar ban-ruwa kullum, kuma tana jure wasa safe da yamma. Kuskuren da ake yi shi ne ɗauka cewa da zarar an shimfiɗa ta an huta ke nan. Tana bukatar a riƙa taje ta da inji don zarenta ya miƙe, a riƙa ƙara ɓarɓashin robar da ke cikinta, a kuma share ƙurar hunturu da take toshe ta har ta taurare. Tana da wa'adi, yawanci shekara takwas zuwa goma, kuma zafin rana irin namu yana iya rage mata kwana. Idan ta tsufa ƙwallo takan yi tsalle fiye da ƙima, ɗan wasan da ya zame kuma fatarsa ta saluɓe. Ga kuma zafin da take riƙewa, wanda duk wanda ya taɓa taka irinta da ƙarfe huɗu na yamma a watan Mayu ya san yadda yake ratsa takalmi. Ra'ayina shi ne duk wadda aka zaɓa, kada a sa hannu a kan kwangilar shimfiɗawa sai an rubuta a cikinta wanda zai kula da filin na shekaru masu zuwa, da kuɗin da za a biya shi, da kuma ranar da za a sauya. Filin Abuja darasi ne: an gina shi don wasannin Afirka na 2003, ciyawarsa ta lalace har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta, kuma ba a daɗe da gyaran ba aka sake jin koke a kanta.

Maganar zafi ita take kai mu ga fitilu. Ana fara yawancin wasannin gasar Najeriya da ƙarfe huɗu na yamma ne saboda filaye da yawa ba su da hasken da za a dogara da shi da dare. A Katsina wannan lokaci yana da illa uku a haɗe. Rana tana da sauran ƙarfi, lokacin sallar La'asar ne, kuma a ƙarshen mako daidai lokacin ne gidajen kallo suke cika da masu bin gasar Ingila. Matashin da yake da kuɗin shiga wuri ɗaya kacal zai zaɓi inuwa da fanka da Arsenal a kan zama bisa kankare mai zafi. Da a ce ana iya take wasa bayan Magariba ko bayan Isha'i, da ɗan kasuwa ya rufe shago ya zo, da ma'aikaci ya zo da 'ya'yansa, da su kansu 'yan wasan sun fi gudu. Sai dai fitilar filin wasa tana da ƙa'ida: haske ya zama daidai a kowace kusurwa, ya kai ƙarfin da kyamarar talabijin take bukata, kuma a sami janareta na ko-ta-kwana wanda zai karɓa nan take idan wuta ta ɗauke. Fitilun zamani marasa cin wuta sosai sun rage tsadar wannan, kuma jihar da rana take duka kusan duk shekara tana da hujjar haɗa filin da wutar sola, aƙalla don famfunan ruwa da ofisoshi.

Abin da ya fi damuna, kuma wanda ba a cika sa shi a hotunan da ake yaɗawa bayan gyara ba, shi ne yadda mutum 35,000 za su shiga su fita lafiya. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Accra, bayan wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe, mutum 126 suka mutu. A Janairun 2022, a sabon filin Olembe na Yawunde wanda aka kashe maƙudan kuɗi wajen gina shi, mutum takwas sun rasu a turmutsitsin bakin ƙofa lokacin gasar cin kofin Afirka. Na biyun ya nuna cewa sabon gini kaɗai ba ya hana irin wannan musiba. Abin da yake hana ta shi ne ƙofofi masu yawa waɗanda suke buɗewa waje kuma ba a garƙame su da kwaɗo ana cikin wasa, da tikitin da ba ya wuce adadin kujeru, da ma'aikatan da aka horar kan tafiyar da taro ba da bulala ba, da motar asibiti mai likita a bakin fili, da hanya ta musamman da alƙalin wasa da baƙin 'yan wasa za su bi ba tare da sun ratsa cikin jama'a ba. Ranakun da ake buɗe ƙofa kyauta don a cika fili su ne mafi haɗari, domin a ranar babu wanda ya san adadin mutanen da suka shiga.

Ba za a raba wannan da halayyar magoya baya ba. Wasan Katsina United da Kano Pillars wasan maƙwabta ne, akwai zumunci akwai kuma zafi, kuma a 2022 an ga yadda zafin ya wuce gona da iri a Kano har aka farfasa motar 'yan wasan Katsina. Irin wannan ta'asa tana iya faruwa a kowane gari, kuma hukuncin da hukumar gasar takan yanke sananne ne: tara, ko rage maki, ko a kori ƙungiya ta je ta buga wasanninta na gida a wani gari. Idan haka ta faru, filin da aka kashe wa kuɗin jama'a sai ya zauna a rufe, mai sayar da fiya-wata da mai tsire da ɗan acaɓa su rasa cinikin ranar wasa, saboda jifan mutum goma. Kyamarorin tsaro da tikiti mai lamba suna taimakawa wajen kama mai laifi shi kaɗai maimakon a hukunta gari baki ɗaya.

Akwai masu burin ganin Super Eagles ko wasan gasar Afirka a Katsina, kuma burin ba laifi ba ne. Amma tun daga 2021 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta tsananta sharuɗɗanta har ƙasashe da dama suka koma buga wasanninsu na gida a wasu ƙasashe. Tana duba kujera ɗai-ɗai mai lamba, da ɗakunan sauya kaya, da ɗakin gwajin ƙwayoyi, da wurin 'yan jarida, da haske, da ingancin ciyawa, har da otal da filin jirgin sama. Ta ɓangaren jirgi Katsina tana da filin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Duk da haka, ni da za a bi shawarata, da an fara da abin da ɗan kallo na kowane mako yake bukata: ban-ɗaki mai ruwa, wurin alwala da sallah, rumfar da za ta kare shi daga rana, da sashe na iyali inda mace za ta zauna da 'ya'yanta cikin mutunci. Filin da ya gamsar da mutanen garinsa ya riga ya yi rabin tafiyar gamsar da masu duba na waje.

Duk waɗannan suna komawa ne ga tambaya ɗaya: wa zai biya, kuma daga wane asusu? Gasar Najeriya ƙungiya 20 ce, kowace tana buga wasa 19 a gida. Ke nan a cikin kwana 365 babban filin yana da tabbacin ciniki na kwana 19 ne kawai, sai ɗan abin da gasar kofi ta ƙara, alhali kuɗin ruwa da wuta da masu gadi da masu shara ba ya tsayawa ko da yini ɗaya. Nan ne girman filin yake zama nauyi. Kamar yawancin jihohi, gwamnati ce mai filin kuma ita ce mai ƙungiyar, saboda haka lafiyar wurin tana hawa da sauka ne bisa sha'awar wanda yake kan mulki. Kasafin kuɗi kuma ya fi son sabon aiki, wanda za a yanke masa ƙyalle a ɗauki hoto, a kan kuɗin man janareta da taki da albashin mai aski ciyawa. Filin ƙasa na Surulere a Legas, wanda ya karɓi wasannin Afirka na 1973 kuma a cikinsa Najeriya ta ɗaga kofin Afirka a 1980, ta wannan hanya ya lalace, ba don an rasa kuɗin gina shi ba.

Mafita a ganina ita ce a ba filin hukumar gudanarwa mai asusunta na kanta, wadda doka ta ba ta damar riƙe abin da ta tara don kula da wurin, kuma ta riƙa bayyana lissafinta ga jama'a duk shekara. Ana iya gina shaguna a jikin katanga ta waje a bayar haya, a sayar da allunan talla, a buɗe wurin motsa jiki da safe ga masu biyan kuɗin wata, a dawo da gasar makarantun sakandare da ta ƙananan hukumomi 34 na jihar, wadda ita ce za ta samar wa Katsina United 'yan wasa na gida maimakon sayowa daga nesa kowace kaka. Tarukan siyasa da na addini da bukukuwan gwamnati ma hanyar shiga ce, da sharaɗin duk mai taro, ko da jam'iyya mai mulki ce, ya biya haya, ya ajiye kuɗin jingina na ɓarna, kuma a shimfiɗa abin kariya a kan ciyawa kafin a kafa rumfa ko dandamali. Taron yini ɗaya da motoci suka shiga tsakiyar fili yana iya rusa aikin wata shida.

Sai kuma mutanen da za su yi aikin da hannunsu. Idan aka kawo kamfani daga waje ya shimfiɗa fili ya kafa fitilu ya tafi, ranar da famfo ya tsaya ko allon nuna sakamako ya mutu sai an jira wani ya taso daga Legas ko ƙasar waje. Katsina tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, kuma a cikinsu akwai matasan da suka karanci aikin gona da lantarki da gine-gine. Ya kamata kowace kwangilar gyara ta ƙunshi sharaɗin horar da wasu daga cikinsu tun ranar da aka fara aiki, a ɗauke su aiki na dindindin, a miƙa musu littafin kula da kowace na'ura da kayan gyaranta na aƙalla shekara biyu kafin a biya ɗan kwangila kasonsa na ƙarshe.